Cutar Tantanin Idon Bakwaini: Yaɗuwarta a Duniya da Matsalar Sunanta a Hausa

1.0 Gabatarwa

A manyan asibitocin Yola da Jimeta, kamar takwarorinsu na sauran sassan ƙasar nan, akwai ɗaki na musamman da ake kwantar da jariran da aka haifa cikinsu bai isa haihuwa ba. Wanda duk ya tsaya a bakin irin wannan ɗaki zai ji tambayoyin iyaye mata da kakanni ba su cika wuce uku ba: ko ya fara kama nono, ko nauyinsa ya ƙaru, da kuma ranar da za a fitar da shi daga kwalba. Da wuya a ji mai tambayar ido. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin idon bakwaini, in daga waje aka dube shi, garau yake. Amma a cikin waɗannan makonni na farko ne wata cuta take iya tasowa a can bayan ƙwayar ido, ta makantar da yaro har ƙarshen ransa, ba tare da idon ya yi ja ko kwantsa ko hawaye ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda cutar take samuwa, da yawanta a duniya da Nijeriya, da abubuwan da suke ƙara haɗarinta. Daga nan za a dubi yadda ya kamata a kira ta da Hausa. Wannan ɓangare ya shafi masana harshe kai tsaye, domin a Jihar Adamawa, inda uwa za ta iya kasancewa mai jin Fulatanci ko Bacama ko Kilba ko Margi ko Camba, galibi Hausa ce ke haɗa ta da ma'aikaciyar jinya.

2.0 Yadda Cutar Take Samuwa

A bayan ƙwayar ido, daga ciki, akwai wani tantani marar kauri da ya lulluɓe bangon idon. A kansa ne hasken da ya shiga ido yake sauka, shi kuma ya aika da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta hanyar jijiyar gani. Jijiyoyin jinin da suke ciyar da wannan tantani sukan fara tsiro tun ciki yana da kimanin mako 16. Daga tsakiya suke farawa, watau inda jijiyar gani ta shigo, su yi ta yaɗo zuwa gefe. Sukan kai gefen da ke wajen hanci a kimanin mako na 36, amma ba sa kaiwa gefen da ke wajen kunne sai kusan mako na 40, lokacin da ciki ya cika. Ke nan duk jaririn da aka haifa a mako na 28 ko na 30 ya zo duniya da wani yanki na tantanin idonsa wanda jini bai kai gare shi ba tukuna.

A cikin mahaifa ɗan tayi yana rayuwa ne da ƙarancin iskar oksijin, kuma wannan ƙaranci shi ne yake sa tantanin ya riƙa fitar da wani sinadari mai kiran jijiyoyi su ci gaba da tsiro. Da zarar an haife shi sai ya shiga iskar duniya, wadda kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. In kuma huhunsa bai yi ƙwari ba, dole a ƙara masa da ta asibiti. Wannan wadata ta ba-zata takan sa sinadarin ya ja baya, jijiyoyin su tsaya cik, waɗansu ma su ƙafe. Bayan 'yan makonni, yayin da idon ya ƙara girma, yankin da ba shi da jini sai ya shiga yunwa, ya fitar da sinadarin fiye da kima. A nan ne ɓarnar take. Sababbin jijiyoyin da suke fitowa a gaggauce raunana ne, kuma maimakon su bi shimfiɗar tantanin sai su miƙe zuwa cikin ruwa mai kaurin nan da ya cika ƙwayar ido. Suna iya zubar da jini, su bar tabo, tabon kuma ya tsuke ya ɓanɓaro tantanin daga bangon ido.

Tun 1984 likitocin ido na duniya suka amince da tsari guda na kasa cutar, wanda aka sabunta a 2005 da 2021. Matakai biyar ne. A na farko wani siririn layi ne kawai yake raba yankin da ke da jini da wanda ba shi da shi. A na biyu layin yakan taso ya yi tudu kamar kunyar gona. A na uku ɓatattun jijiyoyin suke tsirowa a kan kunyar. Na huɗu shi ne ɓanɓarewar sashen tantanin, na biyar kuwa ɓanɓarewarsa baki ɗaya. Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, kusan tara cikin goma na jariran da cutar ta taɓa sukan warke da kansu daga mataki na ɗaya ko na biyu. Ragowar ne abin tsoro, kuma babu yadda za a yi a san wane ne a cikinsu sai an leƙa cikin idon.

3.0 Annoba Uku

Theodore Terry, wani likitan ido a birnin Boston na Amurka, shi ne ya fara bayyana cutar a 1942, bayan ya ga wani farin abu a bayan madubin idon jarirai bakwaini. A lokacin ba a san sanadinta ba. Shekarun da suka biyo baya su ne shekarun da aka samu ingantattun kwalaben reno masu riƙe iska, aka kuma shiga ɗura wa bakwaini oksijin ba tare da awo ba, da kyakkyawar niyyar ceton rai. An ƙiyasta cewa tsakanin 1943 da 1953 yara kimanin 10,000 suka makance a duniya ta wannan hanya, 7,000 daga ciki a Amurka. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a Jihar Michigan a 1950, yana cikinsu.

A 1951 wata likitar yara a Melbourne ta Ostareliya, Kate Campbell, ta kwatanta ɗakunan reno na birnin, ta lura cewa cutar ta fi yawa a inda ake sakin iskar a wadace, ta kuma yi ƙaranci a inda ake tsiminta. Arnall Patz ya gwada wannan zato a Washington a 1952, sa'an nan wani babban bincike da ya haɗa asibitoci 18 na Amurka a 1953 zuwa 1954 ya tabbatar da shi. Nan take aka rage iskar, makanta ta ragu ƙwarai. Sai dai an gudu ba a tsira ba. Mace-macen jarirai da shanyewar jiki sakamakon taɓuwar ƙwaƙwalwa suka ƙaru, har wani masani a Ingila, Kenneth Cross, ya ƙiyasta a 1973 cewa a madadin kowane yaro ɗaya da aka tserar daga makanta an yi asarar jarirai 16. Tun daga wannan lokaci aka gane cewa oksijin magani ne mai awo: ƙarancinsa kisa, yawansa makanta.

Annoba ta biyu ta zo a shekarun 1970 da 1980, a ƙasashe masu arziki, lokacin da aka fara iya rayar da jariran da nauyinsu bai kai kilo ɗaya ba. Ta uku ita ce ta shafe mu. Daga shekarun 1990 Clare Gilbert da abokan aikinta a Landan suka nuna cewa cutar ta zama babban sanadin makantar yara a Kudancin Amurka da Gabashin Turai, daga baya kuma Indiya da Sin. Waɗannan ƙasashe ne da suka samu kwalabe da tukwanen iska, jarirai suka fara rayuwa, amma ba su samu isassun na'urorin awon iskar da ma'aikatan jinya da likitocin ido ba. An daɗe ana cewa cutar ba ta dami Afirka ba. Gaskiyar maganar kuwa mai ɗaci ce: jariran mutuwa suke yi kafin su kai makonnin da cutar take bayyana. A Afirka ta Kudu, inda reno ya fi ci gaba, binciken da aka buga a 1997 ya nuna ita ce sanadin makantar kusan kashi 11 cikin 100 na ɗaliban makarantun makafi.

4.0 Ƙididdiga

Bakwaini a wajen likitoci shi ne wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2023 ya nuna an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a 2020, watau kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Nijeriya ce ta uku a duniya, bayan Indiya da Pakistan, da jarirai kimanin 774,000 a wannan shekara.

Dangane da cutar kanta, ƙiyasin da aka fi dogara da shi shi ne na Hannah Blencowe da abokan aikinta, wanda aka buga a 2013. Sun nuna cewa a 2010 jarirai kimanin 184,700 suka kamu da wani mataki na cutar a duniya. Daga cikinsu 20,000 sun makance ko ganinsu ya yi mummunan rauni, wasu 12,300 kuma suka samu matsakaicin rauni. Kashi 65 cikin 100 na waɗanda ganinsu ya taɓu a ƙasashe masu matsakaicin arziki aka haife su. Ya kamata a tuna cewa wannan adadi na shekara guda ne, kuma makaho tun yana jariri zai ɗauki makantarsa shekara sittin ko saba'in, saɓanin dattijon da yana ta rufe wa ido.

A Nijeriya alƙaluman sun sha bamban da juna. Binciken da aka buga daga Ibadan a 1998 ya samu kashi 5.5 cikin 100. Na Fatakwal a 2014 ya samu cutar a jarirai 25 cikin 53, kusan rabi ke nan. Na Legas a 2015 ya samu 12 cikin 80, watau kashi 15. Wani rahoto na haɗin guiwar asibitoci da dama, wanda ya shafi 2017 zuwa 2020, ya nuna an duba jarirai 723, an samu cutar a 127, kuma 29 daga cikinsu sun kai matakin da sai an yi magani. Bai kamata wannan bambanci ya rikita mai karatu ba. Jariran da aka duba a kowane wuri kaɗan ne, ma'aunin zaɓensu ba ɗaya ba ne, sa'an nan adadin yakan hau ko ya sauka gwargwadon yawan ƙananan jariran da suka rayu har aka duba su. Abin da alƙaluman suka haɗu a kai shi ne, duk inda aka leƙa an samu.

5.0 Haɗari da Magani

Babban haɗari shi ne ƙarancin makonnin ciki da ƙarancin nauyi. Na biye da shi shi ne iskar da ba a auna ba. Bayan waɗannan akwai shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, da yawan ƙarin jini, da rashin ƙaruwar nauyi a makonnin farko. A ɗaya ɓangaren, nonon uwa yana rage haɗarin, haka ma allurar da ake yi wa mai ciki don ƙarfafa huhun ɗan tayi idan an ga haihuwa za ta zo da wuri, da kuma ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata, dabarar da aka faro a Bogota ta Kolambiya a 1978.

Maganar iska tana bukatar ƙarin bayani, domin a nan ne asibitocin ƙasashe irin namu suka fi rauni. Ba da oksijin yadda ya dace yana bukatar na'urar da take gauraya shi da iskar duniya, da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa jariri a ƙafa ko hannu don nuna yawansa a cikin jini, da kuma ma'aikaciyar da take da sukunin duba ta dare da rana. Inda babu waɗannan, zallan iskar tukunya ake sakar wa jariri. Shi ya sa a irin waɗannan wurare cutar takan kama har jarirai masu ɗan girma, waɗanda a Turai ba a ma lissafa su cikin masu haɗari. Amurka tana duba wanda aka haifa a mako 30 ko ƙasa da haka, ko mai nauyin giram 1,500 zuwa ƙasa. Indiya kuwa ta faɗaɗa nata ma'aunin zuwa mako 34 da giram 2,000. Kwaikwayon ma'aunin Amurka a Adamawa ganganci ne. Abin ƙarfafa guiwa shi ne, Kyautar Kimiyya ta Nijeriya ta 2023 ta tafi ga Farfesa Hippolite Amadi saboda na'urorin numfashin jarirai masu aiki da hasken rana, ciki har da ta gauraya iska.

Dubawar kanta ba ta da tsawo. Akan ɗiga magani don buɗe baƙin ido, likita ya ɗaura fitila a goshi, ya riƙe madubi a hannu, ya leƙa har gefen tantanin. Akan yi dubawar farko ne jariri yana da kimanin kwana 30, a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu har jijiyoyin su kammala tafiyarsu. In cutar ta kai matakin haɗari, ba a son magani ya wuce sa'a 72. Da farko, bisa sakamakon wani babban bincike na 1988, da sanyi ake ƙona yankin da ba shi da jini. A shekarun 1990 hasken leza ya maye gurbinsa, daga 2011 kuma allurar da ake yi a cikin ido don danne sinadarin nan ta samu karɓuwa. Idan an kai mataki na biyar, ko an yi tiyata da wuya gani ya dawo. Har ma yaron da ya tsira yana bukatar bibiya, domin irinsu sun fi saurin samun rashin hangen nesa da harara-garke da hawan jinin ido.

6.0 Kwana Talatin Cikin Kwana Arba'in

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, su ne manyan wuraren da ake turo marasa lafiya daga ƙananan hukumomi 21 na jihar. Uwar da ta zo daga Mubi ta yi tafiyar kimanin kilomita 200, haka ta Ganye ko Michika ba a kusa take ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na haihuwar Arewa maso Gabas ake yi a asibiti. Saboda haka bakwainin da ya isa kwalba ya riga ya tsallake siratsi da yawa, iyayensa kuma sun riga sun kashe abin hannunsu.

A nan ne lissafin likita yake karo da lissafin gida. Jaririn da aka haifa a mako na 32 ko na 33 sau da yawa akan sallame shi kafin ya cika wata guda, watau kafin ranar dubawar farko. Ranar kuwa takan faɗo ne a tsakiyar kwana arba'in na jego, lokacin da mai jego take wanka, ba ta fita sai da babban dalili. In haihuwar fari ce, wataƙila ma tana gidan iyayenta a wani gari. Ba ita kaɗai take yanke shawarar komawa asibiti ba. Akwai miji mai biyan kuɗin mota, akwai uwarta ko uwar mijinta mai kula da jego. Kowannensu zai dubi idon jaririn ya ga fari tas, ya ce lafiya lau. Bayan wata huɗu ko biyar ne za a lura yaro ba ya bin fitila da ido, ba ya kallon fuskar uwarsa, ko a ga wani fari a tsakiyar baƙin idon. A lokacin bakin alƙalami ya bushe.

Jihar Karnataka ta Indiya ta fuskanci irin wannan nisa, kuma tun 2008 wani asibitin ido na Bangalore ya fara horar da ma'aikatan da ba likitoci ba suna zagaya ɗakunan reno da na'urar ɗaukar hoton cikin ido, suna aika hotunan ga ƙwararru ta intanet. Tsari ne da ya dace da jiha mai faɗi da ƙarancin likitocin ido. Amma ko na'ura ta zo har Mubi, sai an kawo jaririn, kawo shi kuma ya dogara ga abin da aka faɗa wa iyayensa ranar sallama.

7.0 Matsalar Suna

A Ingilishi ana taƙaita sunan cutar da ROP, kuma cikakken sunan ya ƙunshi abu biyu: lalacewar tantanin gani da haihuwa kafin lokaci. Kashi na biyu bai ba Hausa wahala ba. Kalmar bakwaini ta samo asali daga bakwai, watau ɗan wata bakwai, wanda ya yi daidai da mako 28 zuwa 31, tsakiyar haɗari ke nan. Matsalarta ɗaya: uwar da ta haihu a wata na takwas tana iya cewa nata ba bakwaini ba ne, alhali yana cikin waɗanda ya kamata a duba. Don haka a wajen faɗakarwa ya fi kyau a haɗa da cewa duk jaririn da ya kwana a kwalba ko aka sa masa iska.

Kashi na farko ne mai wuya. Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ciwon idon bakwaini, kuma ita ce mafi haɗari. Ciwon ido a tunanin Bahaushe abu ne da ake gani: ja, ƙaiƙayi, kwantsa, kumburi, irin afolo. Yana kuma da magungunansa na gida, kamar tozali ko ɗiga nono. Duk wanda aka ce wa ɗansa yana iya samun ciwon ido, zai jira ya ga alama ne. Yana da hakiya ma ba su dace ba, domin sunayen abin da ke bayyana a gaban ido ne, kuma yana ta saba da cewa a jira ta nuna kafin a yi aiki, wanda a wannan cuta shi ne ainihin kuskuren. Dundumi kuwa rashin gani ne da dare. In aka koma ga jijiya sai a tarar kalma ɗaya ce take ɗauke da hanyar jini da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa da agara har da saiwar itace, ga kuma ciwon jijiya da jama'a suka riga suka ba wata ma'ana.

Ga rubutun ilmi, cutar tantanin idon bakwaini ta wadatar, shi ya sa aka yi amfani da ita a nan, ko da yake tantanin ido yana bukatar a fayyace cewa na baya ake nufi. Ga bakin ɗakin reno kuwa, sunan da ya ambaci sakamako ya fi wanda ya ambaci gaɓa. Makantar bakwaini gajere ne, ba ya bukatar fassara, kuma yana sauƙin juyawa zuwa Fulatanci da sauran harsunan jihar. Ana iya sukar sa da cewa yana tsoratarwa, tun da yawancin jariran ba za su makance ba, kuma Bahaushe ba ya son a yi wa jariri mugun baki. Wannan suka tana da ƙarfi. Hanyar kauce mata ita ce a ɗora sunan a kan aikin, a ce awon rigakafin makantar bakwaini, domin awo da rigakafi kalmomi ne da mata suka riga suka saba da su, kuma dukkansu ana zuwa yin su ne ana lafiya. A katin sallama kuma, maimakon a rubuta mako huɗu, sai a lissafa da kalandar da gidan yake amfani da ita: kwana goma kafin arba'in, a faɗa wa miji da kakar yaron tare da uwar.